Na Naɗi Muryar Ɗalibina A Ɓoye

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko wa wannan shafi, ina girgiza kai ina mamakin gangancinsu, alhali nawa gangancin yana kwance a ƙasan akwatina cikin wani littafin rubutu mai shuɗin bango. Yau dai na ce bari in fito da shi. Lokacin da abin ya faru ina saurayi, ban daɗe da samun aikin koyarwa a wata firamare da ke Bodinga ba. Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Kajiji, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taɓa riƙe alli ya tsaya gaban aji. Ina son aikina, wannan ko wanda ba ya ƙaunata zai shaida. Amma ina da ciwo guda, bakina ba ya riƙe daɗi. Idan abu ya faranta mini rai, sai na ji kamar zan fashe in ban faɗa wa wani ba. Ga shi na sayi sabuwar waya, na kamu da son tura saƙon murya, har abokaina suka sa mini suna gidan rediyo. Ni kuwa a lokacin yabo na ɗauke shi.

Wata ranar Laraba bayan an tashi makaranta, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji ya aiko a kira ni. Babban ɗan kasuwar albasa ne, mutum mai kwarjini, wanda idan 'yan kasuwa suka yi saɓani wurinsa ake zuwa ya raba gardama. Duk garin an san shi da abu ɗaya: kullum akwai gidan tabarau a aljihun gaban rigarsa. Idan aka miƙo masa takarda sai ya laluba aljihu, ya buɗe gidan, ya ja tsaki ya ce ya sake baro tabarau a gida, sannan ya miƙa wa na kusa ya karanta masa. Shekara da shekaru haka, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Na same shi a rumfar da yake ajiye albasa a bayan gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in tashi in zauna, ya leƙa waje ya tabbatar ba kowa, sannan ya ciro gidan tabarau ɗin ya buɗe mini. Ya ce tun da ya saye shi bai taɓa sa tabarau a ciki ba, idonsa ras yake, har tsinke yana gani daga nesa. Alƙur'ani yana karanta shi tun yana yaro, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba.

Dalilin kirana shi ya tsaya mini a rai. Ya ce 'yarsa ta fari tana karatun aikin jinya a Sakkwato, saura wata bakwai ta gama, kuma ya ji cewa ranar yaye ɗalibai ana raba wa iyaye ɗan littafi mai jerin sunayen waɗanda suka kammala. Burinsa ke nan a duniya, ya buɗe littafin nan da hannunsa, ya bi layi da yatsa, ya gano sunan 'yarsa da nasa a jere, ba tare da ya laluba aljihu ya yi ƙarya a gabanta ba. Sai ya kama hannuna ya ce, “Malam, wanga zance tsakanina da kai na. Ko ɗiyar tawa ba ta sani ba. Amana ta, ka jiya?” Na dafa ƙirji na ce, Baba, ko da wuƙa a wuyana ba mai ji daga bakina. Har na ƙara da rantsuwar da bai nema ba.

Edita, ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar na watannin nan ba. Sau uku a mako, bayan sallar La'asar, sai in bi ta bayan gida in shiga rumfa, mu zauna a kan buhu, albasa ta kewaye mu ta ko'ina. Mun shirya cewa duk wanda ya tambaya a ce ina koyon harkar albasa ne, har abokan aikina suka fara tsokanata wai alli ya gundure ni. Kayana kuwa ko an wanke su sau biyu warin bai fita. Ranar farko na ba shi fensir, ya riƙe shi kamar alƙalamin kara, ya fara rubutu daga dama zuwa hagu yadda ya saba a allo. Na ce Baba ta nan ake farawa, ya dube ni ya ce lallai masu boko komai nasu a juye yake. Muka yi dariya har da hawaye, ko da yake rabin hawayen na albasa ne. Amma fa Alhaji ɗalibi ne! Abin da na koya masa yau, gobe zan tarar ya cika shafi biyu da shi. Wata rana ya tare ni da murna tun daga bakin rumfa, ya ce a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa ya karanta rubutun da ke bayan wata a-kori-kura shi kaɗai, har ya kusa yin karo da wani mai keke don bin harufa da ido. Yana ba ni labari yana tafa hannu kamar ɗan aji ɗaya. Na koma gida ranar nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi.

To, daɗin nan shi ya kai ni. A wata na huɗu na rubuta masa layi biyar na ce ya karanta ba taimako. Yana sunkuye a kan littafi, sai wata zuciya ta ce mini wannan ranar tarihi ce, bai kamata ta wuce haka ba. Na zaro waya a hankali, na danna naɗar murya, na kife ta a kan buhu. Ya karanta, yana tsayawa, yana haɗa baƙi da wasali da ƙarfi kamar yara, ba, be, bi, yana komawa baya, in ya ci nasarar kalma sai ya yi gyaran muryar nan tasa da kowa ya sani ya ce madalla, mu je gaba. Ya kai ƙarshe bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na yi tsalle na miƙe har na zubar da kwandon albasa. Ya ce in zauna kar in tara masa jama'a, amma shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ina fita, tun ban kai bakin titi ba, abin ya fara cina. Wa zan faɗa wa? Sai na tuna wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare, yana koyarwa a Shagari. Kullum muna gasar wa ya fi iya koyarwa. Na ce a raina ai Shagari ba Bodinga ba ce, kuma ba zan faɗi suna ba, saboda haka ban karya alkawari ba. Na tura masa muryar Alhaji, sannan na bi ta da tawa, ina ta zuba. Na ce ya saurari aikin gwani, na ce na ɗauki tsoho mai furfura wanda kansa ya yi tauri kamar dutse na mayar da shi mai karatu cikin wata huɗu. Don in ƙara wa zancen gishiri, na ce mutumin shekara ashirin yana yawo da gidan tabarau ba tabarau yana yaudarar gari. Na kwaikwayi gyaran muryarsa, na yi dariya. A ƙarshe na ce kar ya nuna wa kowa. Wallahi a lokacin ban ji na yi wani laifi ba, ji nake kamar an ba ni lambar yabo.

Abokina bai yi da mugunta ba, shi ma irina ne. Daga baya ya gaya mini cewa saƙon ya same shi ne a shagon wani tela inda suke zaman majalisa, kuma kun san yadda muke da saƙon murya, ba mai kara shi a kunne, a fili ake sake shi kowa ya ji. Majalisa ta kwashe da dariya, tela ya ce don Allah a tura masa ya ji da kyau. Ƙanin telan direba ne, yana ɗaukar albasa tsakanin Shagari da Bodinga. Yana jin madalla, mu je gaba, ya ce ai wannan ko a mafarki ya san mai muryar, balle ga zancen gidan tabarau. Kwana uku kacal abin ya ɗauka ya dawo garin da ya fito.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Ranar kasuwa na shiga sayen tumatir, ina tafe ina fito, sai na ji muryata tana tashi daga wayar wani mai shayi, mutane sun kewaye shi. Ban taɓa jin muryata ta yi muni haka ba. Na juya ɓangaren 'yan albasa, na hango Alhaji zaune a kan bencinsa. Wani dillali da suka daɗe ba sa jituwa ya zo da takarda a hannu, ya miƙa masa da ladabin ƙarya, ya ce da ƙarfi ranka ya daɗe a taimaka a karanta mana, ko yau ma an baro tabarau a gida? Wani daga baya ya ce ba, be, bi. Aka yi dariya, wasu dattawa suka tsawatar, amma an riga an yi. Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ciro gidan tabarau daga aljihu ya ajiye a kan benci, ya tafi gida. Ya wuce ta gabana kamar taku uku tsakaninmu, bai dube ni ba.

Da La'asar na je rumfa, na tarar an sa kwaɗo. Na je ƙofar gida na yi sallama, aka ce yana hutawa. Na koma washegari, na sake komawa, na ɗauki limamin unguwarmu ya raka ni. A karo na huɗu ya fito. Na zube ƙasa ina ba da haƙuri, ina rantsuwa cewa murna ce ta ja ni, ba wulaƙanci na nufa ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma ya yarda murna ce. Ya ce dariyar kasuwa ba ta dame shi sosai ba, kasuwa ta saba dariya ta manta. Abin da ya tsaya masa shi ne 'yarsa ta ji saƙon a makarantarsu, a wayar wata ƙawarta, ta ji ana kiran ubanta mai kai kamar dutse, ta bugo masa tana kuka. Na roƙe shi mu ci gaba ko da a wani wuri ne, saura wata uku, kuma ya riga ya kusa. Ya girgiza kai ya ce duk lokacin da ya buɗe littafin, dariyata yake ji, harufan sai su watse masa.

Ranar yaye ɗaliban ta zo ta wuce. Wani maƙwabcinsa da ya raka shi ya ba ni labari ba tare da ya san yana soka mini wuƙa ba. Ya ce da aka raba ɗan littafin, Alhaji ya karɓa, ya riƙe shi a rufe a kan cinyarsa har aka tashi taro. A mota ne ƙanin yarinyar ya buɗe ya nuna masa inda sunan yake, shi kuwa ya ce madalla, ya mayar da kansa taga.

Abin da na koya ban koye shi a kwaleji ba. Ɗalibi idan ya zauna gabanka, yaro ne ko mai furfura, yana buɗe maka wurin da ya fi rauni ne, wurin da yake ɓoye wa kowa. Kuskurensa, in'inarsa, makinsa, abin da ya gaya maka game da gidansu, ba naka ba ne balle ka yi ado da shi. Ina kira ga 'yan uwana malamai, musamman masu ɗaukar hoton takardar jarrabawar yaro su tura zauren abokai don a yi dariya, da masu ba da labarin ɗalibai a majalisa suna cewa ai ban faɗi suna ba. A garuruwanmu murya suna ce, tari suna ne, tafiya ma suna ce. Kuma saƙon da ka ce kar a nuna wa kowa, ka sani kai ne mutum na farko da ya fara nunawa. Yanzu idan zan shiga aji, wayata a aljihun jaka take kwana, kuma daɗi in ya cika ni, alwala nake yi in gode wa Allah.

Littafin mai shuɗin bango kuwa nasa ne. Mako guda bayan bikin ya aiko mini da shi cikin leda, tare da fensirin da na ba shi, an fere shi har ya zama guntu. Na yi ta buɗa shafuka ina ganin yadda hannunsa ya riƙa miƙewa daga mako zuwa mako. A shafin ƙarshe akwai layi ɗaya da ban taɓa rubuta masa ya kwafa ba, shi ya haɗa abinsa, daga hagu zuwa dama, ba kuskure ko na harafi guda. Ya rubuta: Malam na ba ka amana. Shi ne aiki mafi kyau da wani ɗalibi ya taɓa miƙo mini, kuma har yau na kasa ɗaukar jan biro in sa masa maki.