Gidan Hedimasta da Wasiƙar da Ban Duba Ba

Na daɗe ina ja da baya kafin in rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina yage takardar, domin iyakar karatuna firamare ne, kuma abin da zan faɗa ba zai ƙara mini daraja a idon kowa ba. Wani tsoron kuma shi ne kada in sake ɗaukar alhakin mutum a rubuce, bayan wanda wataƙila na riga na ɗauka da baki. Shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba.

Sana'ata dillancin gidaje da filaye ce a Batsari, wurin kawuna na koya. Mu a tsarinmu ba a rubuta yarjejeniya tsakanin mai gida da dillali. In mai gida ya danƙa maka makulli, kai ne dillalin gidan nan har ranar da ya karɓe abinsa. Duk wani dillalin da ya samo mai saye, wurinka zai zo, ku yi cinikin tare ku raba la'ada. Wanda ya zagaye mai makulli ya nemi mai gida kai tsaye, an ce ya shiga cinikin ɗan'uwansa. Ba a kai shi ƙara ko'ina, amma sauran dillalai za su daina nuna masa ko kangon akuya.

Ina da wani aboki a Safana, shi ma dillali ne. Benci ɗaya muka zauna a firamare, lokacin mahaifinsa yana malamin gona a Batsari. Na fi shi lissafi, wannan ko shi ba ya musu. Amma shi ya wuce gaba har ya zama malamin makaranta, ni kuwa na tsaya. Da albashi ya daina riƙe masa gida sai ya shigo dillanci, kuma ni na koya masa yadda ake taka fili a auna, da yadda ake kiran maƙwabta da mai unguwa su tsaya a kan iyaka kafin a sa hannu. Ba a daɗe ba ya wuce ni, kuma abin da ya wuce ni da shi imel ne.

A shekarun nan na wahala aiki ya canja kama. Mutanen ƙauye suna barin gonakinsu suna shigowa gari neman ɗaki. 'Yan garinmu masu aiki a Kaduna da Abuja da Legas kuma suna tsoron hanya, ba sa zuwa, amma suna son su saya wa iyayensu gida a cikin gari, ko su sayar da abin da suke da shi. Irin waɗannan ba su yarda da bayanin baki a waya. Hoto suke so, da takardar mai unguwa, da zanen fili, a aika musu su zauna su duba a ofis. Abokina ya iya wannan, ni ban iya ba.

Wata rana na je Safana ganin wani fuloti, muka zauna a ƙofar shagonsa. Ya juyo mini da fuskar wayarsa ya nuna mini wata doguwar wasiƙa, ya ce wani likita ne a Kaduna, bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ga shi ya ba shi amanar gida biyu. Na ce ma sha Allahu. Bakina ne kawai ya faɗa. Har na iso Batsari a kan babur ina tunanin ko irin wannan ma sha Allahun tana tsare mutum daga hassada, ko kuwa sai an faɗe ta da zuciya.

Washegari na je wani shagon kwamfuta kusa da sakatariya na ce a buɗe mini imel. Mai shagon ya tambayi lambar wayata, ya dubi 'yar ƙaramar wayar da ke hannuna, ya ce ba komai, zai sa tasa lambar don ya fi sauri. Ya rubuta mini adireshi da lambar sirri a takarda. Na tambaye shi in wasiƙa ta zo wa zai gaya mini. Ya ce ba wanda zai gaya mini, tana nan ajiye, duk ranar da na zo sai mu buɗe. Sau uku na koma, ba komai a ciki. A na ukun wasu ma'aikata biyu da ke jiran a buga musu takarda suka kalli juna suka yi murmushi. Ban sake komawa ba.

Mutum ɗaya kawai na ba adireshin nan, shi ne tsohon hedimastanmu, wanda ya koyar da ni da abokina duka. Da ya yi ritaya ya koma Abuja wurin babban ɗansa, ya bar mini makullin gidansa na Batsari. Shekara tara ina riƙe da gidan nan. Ni nake zuba ma'aikatan da aka turo gari haya, ni nake hawa in share indararo kafin damina, in aka yi ruwa mai ƙarfi ni nake fara zuwa in duba katangar baya kafin in duba tawa. Ba gidan da ya fi kawo mini abu ba ne, amma in ana lissafa dillalan manyan mutane, da shi nake shiga sahu. Lokacin da Malam ya zo wata ta'aziyya na kwafa masa adireshin da hannuna, na duba harafi ɗaya bayan ɗaya sau biyu. Ya karanta ya ce, "To madalla, kai ma ka shiga zamani." Ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Sai aka yanke sabis na waya a yankinmu gaba ɗaya, wata da watanni. Kasuwar mako ma aka rufe. Wanda yake son ya ji muryar ɗan'uwansa sai ya shiga bas ya tafi Katsina. Abokina ya mayar da wannan aikinsa na kowane mako. Ya tara hotuna da takardu, ya je Katsina ya zauna ya karanta abin da aka rubuto masa, ya ba da amsa, ya dawo kafin la'asar.

Wata safiya muka haɗu a tasha, ya biyo ta Batsari zai wuce. Bayan mun gaisa ya ce, "Mutumina, shigo mu je ka duba akwatin imel ɗin nan naka. Wa ya sani ko gwamna ne ya rubuto maka."

Na ce, "Ni mutanena da baki muke magana, ɗan boko. Ka gaida likitanka."

Ya yi dariya ya shiga mota. Gaskiyar magana tsoro biyu ne suka hana ni. Akwai tsoron hanya, wannan kowa yana da shi. Amma wanda ya fi ƙarfi shi ne kada a buɗe akwatina a gabansa ya ga ba komai, ga nasa cike.

Bayan kamar wata ɗaya ya yi sallama a zaurena da hantsi, tare da wani dattijon Bafulatani daga wajen Wagini wanda ya sayar da shanunsa yana son ya dawo da iyalinsa cikin gari. Muka yi doguwar gaisuwa, aka kawo ruwa. Sannan abokina ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini. Wasiƙar hedimasta ce da aka buga, da Hausa, yana cewa ya yanke shawarar sayar da gidansa saboda jinya, kuma ya wakilta abokina ya nemo mai saye. Na karanta sau biyu. Sunana ba ya ciki.

Abokina ya ce Malam ya fara rubuto mini har sau biyu bai ji amsa ba, ga waya ba ta shiga, shi ne ya neme shi. Ya ce, "Na rubuta masa cewa makulli yana hannunka, ba zan taɓa ƙofar ba sai da kai. Shi ya sa ka gan ni nan."

Na ce, "Wa ya fara rubuta wa wani, kai ko shi?"

Ya ce, "Haba, mutumina. A gaban baƙo?"

Dattijon ya duƙar da kai yana wasa da sandarsa. Na shiga ciki na ɗauko makullin na ajiye a kan tabarma, ban ba abokina a hannu ba. Ranar da aka kira maƙwabta a tsaya a kan iyaka ban je ba, ko da yake ni kaɗai na san inda aka taɓa rigima a kan magudanar ruwa. Da ciniki ya faɗa, abokina ya aiko mini da rabona na la'ada, na mayar masa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma da yamma akwai inda muke zama mu dillalan Batsari, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya bayan tasha. Aka tambaye ni labarin gidan hedimasta, sai na ce ɗan Safana ya zagaye ni ta imel. Ban ce ina zato ba, cewa na yi ya zagaye ni. Wani dattijo a cikinmu ya tambaye ni ko na tabbata, na ce wasiƙar da idona na gan ta, ba sunana a ciki. Daga ranar nan ba wanda ya sake nuna masa gida a Batsari. In ya zo da mai saye sai a ce masa an riga an sayar. Ya yi ta zuwa kamar sau huɗu, sannan ya daina. Bai aiko mini da magana ba, mai daɗi ko marar daɗi. Kuma dole in faɗi cewa a makonnin farko na ji daɗin hakan. Abinci ma ya fi shiga.

Da sabis ya dawo hedimasta ya kira ni. Muryarsa ta yi rauni. Ya gode mini a kan riƙon gidan, ya sa mini albarka, sannan ya ce, "Na sa ɗana ya rubuto maka, ko bai zo ba?" Na ce ban samu na duba ba, Malam. Ya ce ba komai, ai aiki ya yi kyau. Na so in tambaye shi yaushe aka rubuto, kafin ya nemi abokina ne ko bayan abokina ya neme shi, amma yaya zan tsare malamina da tambaya yana kwance? Bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. A wurin ta'aziyya na keɓe ɗan nasa na tambaye shi. Ya ce a lokacin saƙonni sun yi masa yawa da zirga-zirgar asibiti, yana tuna baba ya ba shi wata takarda ya kwafa, amma ba zai iya rantsuwa a kan ya aika ko bai aika ba.

Na nufi shagon kwamfuta na tarar ya koma shagon sayar da garin kwaki. Aka ce mai shi ya tashi tun lokacin yanke sabis, wasu suka ce Kano, wasu suka ce Funtua. Takardar lambar sirri tana nan wurina, sai na roƙi wani malamin makaranta da na taɓa sama wa haya ya gwada a wayarsa. Ya gwada, aka ce sai an tura wasu lambobi zuwa wayar da aka buɗe akwatin da ita. Wayar mai shago ce. Mun kira layin, a kashe yake, har yau.

Matata ta ce in daina wahalar da kaina, in hau babur in je Safana in nemi gafarar abokina, in ma shi ne da laifi ai ban yi asara ba. Sau biyu ina shiryawa ina kaiwa tasha ina dawowa. Na gaya mata ina son in tabbatar ne tukuna, don in zan janye magana a gaban dillalai, in janye ta da hujja. Wannan gaskiya ne, amma ba duka ba ne. A can cikin zuciyata har yanzu ina fatan a buɗe akwatin nan a tarar ba komai. Na san abin da wannan fatan yake nufi, kuma yana zuwa mini har a cikin salla. In wasiƙun nan biyu suna ciki, to na ɓata sunan mutumin da ya zo har zaurena ya bi ƙa'ida, na toshe masa hanyar abinci a gari guda, kuma sai na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar nan na faɗa da bakina.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan. In akwai wanda ya san yadda ake buɗe imel ɗin da aka ɗaura a kan lambar wani, ko ya san in wasiƙar da ba a buɗe ba tana daɗewa haka ko share ta ake yi, ya taimaka ya sanar da ni. Haka kuma wanda ya san inda mai shagon kwamfuta na kusa da sakatariyar Batsari ya koma, wani dogo mai tabarau da ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, ya bar saƙo wurin dillalan gidaje na bayan tasha. A ce a ba wanda ya riƙe gidan hedimasta, za su gane.