Ɗanmusa Makaɗin Noma da Kalmomi Uku na Turanci

Ɗanmusa makaɗin noma ne, mutumin Tozai. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana bin bayan manoma da ganga a wurin gayya. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma wurin mahaifinsa ya gaje ta: ba ya kiran sunan mutum sai ya ga ya kai ƙarshen kuyya, wato kunyar gona. Kiɗa kowa ya samu, amma kirari sai gumi ya zuba. Wani attajiri mai kai kaya Nijar ya taɓa aiko masa da riga don ya sa shi a waƙa. Ya mayar da rigar, ya ce a gaya masa bai taɓa ganin bayansa a duƙe ba.

Wanda ya fi shan kirarinsa shi ne Lauwali, manomin da ba ya ɗaga kai sai kuyya ta ƙare. "Lauwali na Zainaba, ka shiga da raɓa ka fito da rana, gamba ta gan ka ta kwanta!"

Daminar da 'yan bindiga suka hana noma, a gonarsa suka harbe Lauwali, galma tana kafaɗarsa. Mutanen Tozai suka kwashi abin da ya ɗauku suka nufi garin Isa, aka sauke su a wani tsohon gini. Ɗanmusa ya rataye gangar a ƙusa har fatarta ta saki.

Ana gab da faɗuwar ruwa sai ga Abdulrauf, shugaban kwamitin 'yan gudun hijira. Ya ce baƙi za su zo daga wata ƙungiya da irin gero da wake, ana so a tarbe su da kiɗa da yabo, a haɗa da ɗan Turanci don su ji da kunnensu.

"Mi sunka noma?" in ji Ɗanmusa.

"Baba, mutanen ofis na, ba su noma."

"To mi za ni ce? Alƙalami ya gan su ya kwanta?"

Abdulrauf bai yi dariya ba. "Irin ba shi isar kowa, Baba. In sunka ji daɗinmu, a rubuta mu. In ba su ji ba, su wuce Sabon Birni. Zainaba matar Lauwali ɗiya huɗu gare ta, ko tiya guda ta iri ba ta da ita."

Ɗanmusa ya daɗe yana duban ƙusar. Sannan ya tashi ya sauko da gangar, ya kai ta rana.

Malama Maijidda, mai koyar da yaran sansanin, ita ta koya masa kalmomi uku. Walkam, wato barka da zuwa. Onarabul, mai daraja. Jenaros, mai kyauta. Kwana uku yana juya su a baki kamar mai tauna tsakuwa, mata na yi masa tsiya, wai Baba ya zama Bature da tsufa.

"Ɗiyata, wacce daga ciki ka faɗin aikin da mutum yay yi?"

"Babu, Baba."

"Awo. Kirarin wanda ba a sani ba ke nan."

Ranar da baƙin suka zo da motoci biyu, ya tsaya gabansu ya ɗaga murya. Ya kira mutanen da bai taɓa gani ba masu daraja, ya kira su masu kyauta tun ba su ba kowa komai ba. Suka yi tafi, suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ɗaya a cikinsu tana ta cewa "kalca, kalca". Maijidda ta raɗa masa cewa al'ada take nufi. Sana'ar da ta ci da gidansa shekara talatin ita ce ta koma abin kallo.

Hannu ba ya manta hanya. Bai ankara ba kiɗan ya zame ya koma na gayya. Tsofaffin Tozai suka sunkuyar da kai. Zainaba ta ja mayafi ta rufe fuska. Sunan Lauwali ya zo masa har kan harshe, ya haɗiye shi, ya sake cewa walkam.

An rubuta mutanen Tozai. Iri ya zo bayan mako biyu. Wani malamin allo ya ara wa Zainaba 'yar gona a bayan gari, ta ɗauki galmar mijinta ta tafi. Ɗanmusa ya rataya ganga zai bi ta, 'yan sintiri suka tare shi a bakin hanya.

"Baba, aje ta. Ƙarar ganga na kai labari daji."

Ya ajiye. Ya bi ta hannu wofi, ya tsaya a bayanta inda makaɗi ke tsayawa. Galmar ta yi mata nauyi. Kuyyar ta karkace, sau uku tana miƙewa tana riƙe ƙugu. Ya jira, kamar yadda ya saba jira.

Da ta kai ƙarshe, ya matso kusa, ya sassauta murya yadda ba za ta wuce gonar ba.

"Zainaba ta Lauwali, kin shiga da raɓa..."

Bai kai ƙarshen kirarin ba. Ta share fuska da bakin zane, ta juya ta kama kuyya ta biyu.