Sandunan Tumatirin Koci

Litinin da safe, a wani ɗan gari a jihar Alabama ta Amurka, Lurleen mai shagon irin shuka tana kallon dattijon da ya shigo. Ƙato ne mai kaurin wuya, yana jan ƙafar hagu. Yatsunsa biyu a karkace suke, irin na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana karo da ƙarti a filin ƙwallon Amurka. Ba ta san shi ba, amma usur ɗin wuyansa da hular kwaleji sun gaya mata: kocin ƙwallon kwalejin nan ne da aka lallasa ranar Asabar.

Ya rungumo alluna uku masu dogayen sanduna, kowanne an rubuta "Gidan Nan Na Sayarwa Ne". Su ake kafa wa koci a ƙofar gida in gari ya gaji da shi.

Wani manomi ya tsokane shi. "Koci, tafiya ta zo ke nan?"

"Ina fa! Shekara goma sha tara ana kafa mini, ina tugewa."

Ya shafa sanda ɗaya, yana murmushi, ya dubi Lurleen.

"Ranki ya daɗe, a ba ni irin tumatir, ƙulli biyu. Bana dai sandunan tokare shi sun samu."