Allon da Yaya Bulus Ya Karanta "Iska"

Shekara huɗu ke nan da muka binne Yaya Bulus, kuma ni ƙanwarsa Rifkatu har yau ban huce ba. Masu ce mini in yi haƙuri, na ji. Na yi haƙuri da mutuwa. Da masu zama a ofis suna zana taswira kuwa, ban yi ba.

Ni a Cheras nake zaune, a gefen Kuala Lumpur, ina sayar da yadi a wani kedai, wato shago, a unguwar Masjid India. Shi kuwa ya samu aikin sito a wani gari na bakin teku, tafiyar jirgin ƙasa daga Kuala Lumpur, ya kama ɗaki a ƙasan bene kusa da inda kogi ke shiga teku. Mu mutanen Jos ne. A wurinmu ruwa daga sama yake zuwa: ka ga hadari, ka kwashe shanya. Ba wanda ya taɓa gaya mana teku na cika ya turo kogi baya, ya shigo ɗaki ta magudana, rana tana haskawa.

A bakin layinsu ƙaramar hukuma ta kafa allo: AWAS AIR PASANG. Ranar da na fara kai masa ziyara na tambaye shi me yake cewa. Ya kwashe da dariya. "Ke, ba ki yi Turanci a sakandare ba? Iska suke nufi. Mutanen nan ba su san iskar Jos ba!" Ashe a yaren Malay kalmar nan AIR ruwa take nufi. Allon cewa yake a kula, teku na cika.

Wata Lahadi da safe yana shirin coci, sama tas, ruwa ya ɓullo ta banɗaki ya malale ɗakin. Ya sunkuya zai zare wayar firji. Soket ɗin a ƙasan bango yake. Shi ke nan.

Da na je ofishin ƙaramar hukumar, wani jami'i mai ladabi ya ba ni shayi, ya ce ai sun yi gargaɗi. Ya nuna mini zanen katangar tare ruwa da za a gina, mai kyau kamar katin biki. Ya ce sun yi taro da jama'ar unguwa. Wace jama'a? Masu gidajen, waɗanda ke kwana a saman bene a Kuala Lumpur. Baƙin da ke haya a ƙasa, mu da 'yan Nepal da 'yan Bangladesh, ba a kira ko ɗaya ba. Wanda ruwan zai fara taɓa ƙafarsa ba ya cikin lissafi.

Da Yaya zai dawo yau, me zai gani? Katangar na nan a takarda. Masana suna ta cewa tekun ƙara hawa yake yi, ba sauka ba. Allon kuwa an sake masa fenti. Na san shi, dariya zai yi. Ni na kasa.

Watan jiya na koma layin. Wasu ɗalibai biyu 'yan Kaduna ke cikin ɗakinsa, sabbin zuwa, firjinsu a gurbin nasa. Na ja babban zuwa gaban allo, na ce karanta.

"Iska ce, Anti. Ba wahala."

Ban bar gidan ba sai da suka ɗora firjin kan tebur, suka kira mai gyaran wuta.

Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bar mini kalma ɗaya ce da ya biya da ransa. Na sayi fenti ja, na rubuta ta a ƙasan allonsu da manyan baƙaƙe: RUWA. An ce laifi ne taɓa kayan hukuma. To, su neme ni. Wannan taron kam zan halarta.