Lalle a Hannun Ƙanena

A shekarun da arzikin mai ya cika Sabha, wani garin Larabawa can tsallaken sahara, da gine-gine, muna zaune a unguwar Gurda, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida. Baba magini ne daga ƙasar Katsina, Inna kuma tana dafa wa leburori abinci. Ni da ƙanena muna makarantar gwamnati. Ni karatu ya karɓe ni. Shi kuwa, ban san yadda zan faɗa ba tare da na zalunce shi ba. Ba daƙiƙi ba ne, amma benci ba ya riƙe shi. Hankalinsa na wajen murhu, da hirar mata, da yadda ake kaɗa kuka ba ta yi gudaji ba.

Maƙwabtanmu Larabawa suka yi biki. Ana yi wa mata lalle sai ƙanena ya miƙa hannu, suka yi masa har wuyan hannu suna dariya. Ina jin ba da mugunta suka yi ba, ko da yake ba zan rantse ba.

Kowace safiya a makaranta muna yin layi, mu miƙa hannuwa a duba farce. Malamin, mutumin Masar ne, ya ɗaga hannun ƙanena sama kowa ya gani, ya ce ya koma gida sai ranar da ya zama namiji. Kafin la'asar labari ya kai wurin gini. Wani lebura ya tambayi Baba ko ɗan daudu yake reno.

Baba bai doke shi ba, kuma watakila da dukan ya fi sauƙi. Zaunar da shi ya yi a bakin famfo yana dirzar hannuwan da yashi, sannan da kananzir, sannan da lemon tsami. Da abin ya ƙi, ya kwaɓo ruwan siminti, don ya saba ganin yadda yake cin fatar magina. Fatar ta tsattsage, lallen yana nan a farce. Ƙanena bai yi kuka da ƙarfi ba. Baba ne yake ta maimaita cewa a ƙasar mutane muke, ba mu da kowa, in aka sa mana ido mun shiga uku.

Sai ya yanke shawarar tura ƙanena gida wurin baffanmu mahauci, yayan Baba, a gyara shi. Akwai wani direba mutumin Damagaram da ke ratsa sahara zuwa Agadas, ya yarda zai tafi da shi. Inna ta naɗe hannuwan da tsumma da man shanu. Ba ta yi gardama ba, abu ɗaya ta tambaya.

"Malam, a hanya wa zai riƙa ba shi abinci a baki?"



Da safe muka je tasha. Motar ta yi lodi har sama, mutane na zaune kan buhuna, kowa ya riƙe igiya. Baba ya ɗaga ƙanena, ya ce ya kama. Ya kai hannu, ya kasa damƙewa, ya zamo. Aka sake ɗaga shi, ya sake zamowa. Direban ya ce a bari ya ɗaure shi a jikin jarkokin ruwa, ai ko amarya haka ake kai ta. Aka yi dariya a saman mota.

Baba ya tsaya riƙe da shi a ƙirji, ya daɗe. Ban san abin da ya gani ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba.

Ya ce wa direban, "Ɗan'uwa, yi tafiyarka. Ba ya zuwa."

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Ƙanena bai koma makaranta ba, leburori ba su daina magana ba, Baba ya daina zama majalisa bayan sallar Juma'a. Amma a ranar, da muka dawo, ya shiga madafa, inda ban taɓa ganin ya zauna ba. Ya jawo kujerar tsugunno, yana gutsuro tuwo yana sa wa yaron a baki. Ya tambaye shi me yake so ya iya a duniya. Ƙanena ya dubi tukunya, ya dubi Inna.

Baba ya goge ido da hannun riga.

"To, ke, ki koya masa sosai," ya ce. "Ban san me kuma zan yi ba. Ranar da ba mu, da wannan zai ci."