Jakar Ba Komai

Kai tsaya, ka taɓa ganin mutum da furfurarsa kwance rigingine a kan jaka yana harba ƙafafu sama kamar kunkurun da aka juya? To bari ka ji yadda aka yi har aka kai ga haka.

Mutumin nan mai wanki da guga ne, shagonsa na jikin wani masauki mai araha a bayan tashar mota, irin masaukin nan da ake jera gadaje a ɗaki ɗaya kowa da kalar minsharinsa. Shagon ɗan ƙuƙut ne, tebur ɗaya da tsohon bargo a kai, dutsen guga biyu ɗaya na wuta ɗaya na gawayi saboda ranar da aka ɗauke, sai baho da igiya da hanga reras har sama. Kowa Ba Komai yake ce masa don duk abin da ka faɗa masa amsar ke nan. Ka kawo wanki yana rufe shago, ba komai. Ka ce da sassafe kake so, ba komai. Wani ya taɓa bi ta kan ƙafarsa da babur, mai babur ɗin ne ya yi ta salati, shi kuwa daga ƙasa ya ɗago kai ya ce ba komai.

Baƙin masaukin nan yawancinsu matafiya ne masu jakar goyo, daga wannan ƙasa su faɗa waccan a motar haya, kuma shekara da shekaru shi ke wanke musu kaya. Yana wanki yana lura, mutum ya yi wata da watanni a hanya amma kayansa gaba ɗaya ba su cika baho ba. Rannan ya zazzage aljihun wani wando sai ga yashi fari tas, ya tambayi mai wandon aka ce na bakin teku ne can gaba da ƙasashe da yawa. Ya tsaya yana murza yashin nan har gawayi ya mutu a dutsen guga.

Da ya koma gida ya ce wa matarsa, “Maman yara, zan fita waje.”

Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “To ka jawo ƙofar in ka fita.”

“Ƙasashen waje nake nufi, har bakin teku.”

“Kai ɗin? Kai da kasuwa ma sai ka kira ni ka ce ta ina ake fita?”

Ya ce ba komai, zai tambaya.

Wasa-wasa mutumin nan ya yi fasfo. Ƙanin matarsa ya yarda zai riƙe masa shago kafin ya koma karatu, ya kuma faɗa masa a gaban kowa cewa wannan karon ne kawai, in ya wuce shi ke nan. Sai matsalar baya, don sunkuyon wanki ya gama cinye masa ƙugu. Likita ya danna nan ya danna can ya ce tafiya dai ka yi, amma kada ka goya abin da ya fi jikanka mai rarrafe nauyi, in bayan nan ya sake riƙewa kwanciya za ka yi ta watanni. Tun daga ranar jikan ya zama sikeli, ya ɗaga yaro da hannun dama ya ɗaga jaka da hagu yana kwatanta nauyinsu. In aka ce yaron ya ƙi cin abinci ya fi uwar yaron damuwa.

Jakar kuwa tsohuwa ce wani baƙo ya bar masa, ya kai aka ɗinke mata hannu. Duk abin da ya gani wajen matafiyan nan sai da ya kwaikwaya. Kaya ba a ninke su, naɗe su ake kamar tabarma, sun fi shiga kuma ba sa yamutsewa, wannan kam ya fi su iyawa. Riga uku, ɗaya a jiki ɗaya a igiya ɗaya a jaka, duk masu duhu masu saurin bushewa. Sabulu da igiyar shanya da ƙaramin kwaɗo na kulle jaka. Takalmi tsohon da ƙafa ta sani, don sabo sai ya ci maka dunduniya tun ba ka tsallaka iyaka ba. Hoton fasfo a leda daban, fasfon kansa a aljihun da matarsa ta ɗinka masa ta cikin wando. Abinci inda direbobi ke ci, kwana a ɗakin gadaje da yawa. Kullum da safe ya goya jakar ya zagaya unguwa don baya ya saba, mai aski na leƙowa yana ce masa, “Ba Komai, an sauka lafiya? Ya mutanen bayan layi?” Shi kuwa ya ce suna gaishe ka.

To ga inda ya yi kuskuren. A cikin dabarun akwai wadda ya fi so, wai kada ka taɓa cika jaka, ka bar wuri a sama saboda abin da hanya za ta kawo. Sai ya riƙa zuge zif yana nuna wa mutane wurin, yana zura hannu har gwiwar hannu yana cewa kun gani, fili ne. Jama'a suka gani kuwa.

Makanike ne ya fara zuwa, wai yana da ƙani a ƙasa ta biyu da zai ratsa, ɗan wani ƙarfe ne na mota ba shi da wani nauyi. Ba komai. Mai aski ya kawo agogon bango a kai wa surukinsa. Ba komai. Matar mai gidan haya ta kawo kwalbar zuma da bargo, maƙwabciya ta kawo littattafan ɗanta da ya manta tun bara, wani ma da ba su taɓa gaisawa ba ya zo da faranti dozin a kwali. Sai a lokacin aka gane ashe duk unguwar ba wanda ba shi da ɗan'uwa a kan hanyar teku. Fili ya cika, aka koma ɗaurawa ta waje da igiyar shanyar tasa. Ya daina ɗaga jikan, ya daina zagaya unguwa, in ya shigo ɗaki sai ya kauce wa jakar kamar mai barci.

Matarsa ta ce, “Baban yara, bakin nan naka ba ya iya wata kalma ne?”

Ya ce ai mutane ne.

“Mutanen ne za su kwanta maka in bayan ya riƙe?”

Ya ci gaba da goge rigar da ya riga ya goge.

Ana gobe tafiya sai ga Yaya. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfurarsa da jikansa Auta take ce masa. 'Yarta na aure a garin ƙarshe na bakin tekun. Ta shigo ɗan adaidaita na biye da ita yana nishi, ya dire wani abu naɗe a zani, ƙasa ta amsa. Kan keken ɗinki ne, na ƙarfe, irin na da.

“Auta, ga wannan ka miƙa wa 'yarka, ta ce tana son ta fara sana'a.”

Ya kalli keke ya kalli jaka ya kalli matarsa, matarsa ta kalli rufi. Ya ce ba komai Yaya.

Da safe tsakar gida ta cika da 'yan rakiya, kowa ya zo ya ga saƙonsa ya tashi. Makanike da mai aski suka kama jakar suka ɗora ta a kan benci, ya juya mata baya ya zura hannaye ya ɗaure ɗamarar ciki ya ce bismillah ya miƙe. Ya miƙu fa, ya tsaya cak kamar an dasa shi, sai jakar ta yi shawara ta yi baya, shi ma ya bi ta. Farantai suka yi magana, agogon bango ya buga sau ɗaya. Ga shi nan rigingine ƙafafu a sama, ɗamara ta riƙe shi ya kasa juyawa, kuma a ƙugunsa ya ji wani abu ya ɗan ja kamar zare.

Mai aski ya sunkuyo ya ce, “Ba Komai, lafiya dai ko?”

 Aka jira amsar da aka saba ba ta zo ba, har jikan ya daina kuka.

Matarsa ta zo ta kwance ɗamarar ta zare shi daga jakar. Ya tashi a hankali ya taɓa bayansa, bai riƙe ba amma ya yi gargaɗi. Daga tasha ana jin ɗan kamasho na kiran mota. Sai ya durƙusa ya kwance igiyar shanyarsa ya naɗe ta, ya fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya yana ajiye wa kowa nasa a gaban ƙafarsa, ƙarfe gaban makanike, agogo gaban mai aski, zuma da bargo, littattafai, farantan da suka tsira. Kan keken ya kasa ɗagawa sai ya ja shi a kan zanin har gaban Yaya.

Yaya ta ce, “Auta, to yanzu me za ka kai wa 'yar tawa?”

Ya ce, “Ba komai.”

“Yawwa, na san ƙanena. Ku mayar masa da shi, na sauran ne ya yi yawa.”

Makanike har ya sunkuya zai ɗauka.

“A'a Yaya.” Ba Komai ya riƙe hannun makanike. “Ba komai zan kai ba, nufina babu abin da zan kai. Komai ɗin ne babu.”

 Yaya ta gyara mayafi ta dube shi sama da ƙasa.

“Ni za ka faɗa wa nauyi? Ni da na goya ka har ƙafarka na jan ƙasa, kana da haƙora kana cizon kafaɗata? Ai ka fi keken nan nauyi sau biyu.”

“Gaskiya ne Yaya. Amma lokacin bayanki sabo ne.”

Mai aski ya toshe baki ya juya yana kallon bango. Yaya ta kau da kai ta yi kicin-kicin. Shi kuma bai tashi ba, yana durƙushe a gabanta da 'yar jakarsa da ta koma kamar ta ɗan makaranta, don duk wanda ya san shi ya san ba zai taka ƙofar nan ba tana fushi. Ƙanin matarsa ya leƙo ya ce saura mutum biyu mota ta cika. Ba wanda ya motsa. Ya sake leƙowa ya ce saura ɗaya.

Can Yaya ta ja tsaki ta ce, “To gaisuwa fa, ita ma bayan naka ba zai ɗauka ba?”

“Zai ɗauka Yaya.”

“Kai mantuwa gare ka, kawo wayar.”

Ya danna mata wajen ɗaukar murya ya miƙa. Ta fara da gaisuwa tiryan-tiryan, ina mijinki ina yara, daga nan ta zarce faɗa, wai wata nawa ba ki kira ni ba, wai an ce kin rame, wai keken ɗinki kuma ki zo da ƙafarki ki ɗauka tunda kawunki ya zama bature. Tana cikin yi matarsa ta zare wayar daga hannunta ta cusa masa a aljihu ta tura shi waje. Yaya ta biyo shi har ƙofa tana ɗaga murya, “Allah ya kiyaye hanya, marar kunya! Ka riƙa cin abinci!”

Ya samu kujerar ƙarshe, ta baya can kusa da taga, ya rungume jakarsa a cinya mota ta tashi.

Yanzu haka yana hanya, ya tsallake iyaka har ya saba. Yana turo hotuna, rabin kowane hoto babban yatsansa ne, ɗayan rabin kuma rigarsa ce a kan igiya a wani masauki. Matarsa ta ce ya ɓata a wata kasuwa ya kira ta daga wata ƙasa yana tambaya ta ina ake fita, ta ce ya bi inda masu dako ke bi, ya bi ya fita. Baya lafiya lau. Makanike har yau ba ya gaishe da gidan sosai.

Don Allah in ka karanta ka tura wa duk wanda ka san yana haɗa jaka, ka kuma tura wa wanda yake tsaye a bayansa da kwali a hannu.