Tafi-da-gidankan Baban Gorton

Shekarun baya, lokacin ina uni a Manchester, ina zaune a wani flat a Ardwick da ɗakina bai fi akwatin ashana ba, akwai wani dattijo da ya mai da ni ɗansa ƙarfi da yaji. Bahaushen Ghana ne, ɗan zangon Kumasi, direban bas da ya yi ritaya. A masallacin Juma'a muka haɗu. Ya ji ni a bakin ƙofa ina waya da mahaifiyata, ina ta zuba Kananci, sai kawai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan Kano, ka ci abinci?" Ni kuwa a lokacin taliya da ƙwai sun kusa zama 'yan uwana na jini. Na ce ban ci ba. Daga ranar na zama ɗan gida a gidansa da ke unguwar Gorton. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mma.

Hausarsu sai da na yi karatunta daban, wallahi. Zai ce min, "Mma ɗinka ya dafa wake da shinkafa, ya ce ka zo." Farkon ji na sai da na yi ta waige-waige ina neman wane ƙato ne ya shiga kicin ɗin Mma.

To wata rana ina library sai ga kiransa. "Ɗan Kano, bar abin da kake yi, zo ka ga tafi-da-gidankan da na saya." Ku da kuka tashi a zamanin nan ba za ku gane ba, a lokacin wayar hannu muke kira tafi-da-gidanka. Ni kuma gwani ne, babban yatsana har kanta ya yi saboda text. Na ce shi ke nan, Baba ya sayi mai kyamara, yau ni zan fara ɗana ta. Na haye bas sharp sharp, ina ta tsara irin hotunan da zan ɗauki kaina.

Ina isa ya ja ni lungun bayan gida. Sai ga wani farin abu a tsaye kan taya, da taga, da labule, da 'yar ƙofa. Caravan, irin ɗakin nan da ake ɗaura wa mota a baya a ja.

Na ce, "Baba, wayar fa?"

Ya ce, "Wace waya? Ku Kanawa kun ɓata suna. Ga gida, ga taya, ka tafi da abinka. Waccan 'yar aljihun, ina ɗakin kwana a cikinta?"

Mma tana bakin ƙofar kicin tana dariya har da riƙe ciki.

A Birmingham ya saye shi, hannun amininsa mai shagon nama a Sparkbrook. Tare suka taso a zango, tare suka zo Ingila, sun yi shekaru suna raba ɗaki ɗaya kafin kowa ya yi aure. Cinikin ma irin na gida aka yi, a bayan shago, da shayi, da dattawa biyu a zaune a matsayin shaidu. Aminin ya ce, "Na sallama," Baba ya ce, "Allah ya sa albarka," aka shafa fatiha, Baba ya ɗaura abinsa ya taho.

Sai da muka fara fita da shi na gane abin da ya saya. Kun san gidajen Gorton, a jere suke manne da juna, ƙofa na buɗewa sai titi. Babu zaure, babu dakali, babu tsakar gida. Baba ya taɓa fito da kujera ya zauna a ƙofar gida, maƙwabciyarsa ta zo tana tambaya ko mukulli ya ɓata masa. Amma a filin da ake ajiye caravan can bakin teku a Wales, kai jama'a! Ya shimfiɗa tabarma, ya jingina da taya, rediyo a gefe, Mma na ciki tana suyar ƙosai, ƙamshi ya cika filin. Duk Baturen da ya wuce sai Baba ya gaishe shi, kuma su amsa, har su tsaya. Ya ce min, "Ka gani? Duk ƙasar nan, nan kaɗai mutum zai zauna a ƙofar gidansa ba a ce ya taɓu ba."

Ni aikina biyu ne, ci da ba da hannu in zai yi ribas. Na farkon na iya. Na biyun kuwa, ina ce masa dama abin ya yi hagu, ina ce masa hagu ya yi dama, har ranar da na shigar da shi shingen wasu mutane muka kayar musu da shanya. Daga nan aka sauke ni daga muƙamin, Mma ta karɓa.

A filin ne wani tsohon Bature mai kare, wanda ƙosai ya mai da shi abokinmu, ya nuna min wata doguwar lamba da aka zana a jikin gilashin taga. Ya ce kowane caravan da tasa, kuma akwai ofishin da ke riƙe da sunan mai shi. In ka saya a hannun wani sai a sauya suna ya dawo naka. In an sace, ko za ka sayar, ko wata gardama ta taso, sunan nan ake dubawa. Ya tambaye ni ko mun sauya. Na ce zan tambaya.

Na koma uni na bincika, na ga abin ba wuya, mai sayarwa ya sa hannu, mai saye ya sa, a aika. Na zo wa Baba da bayani ina ta rawar jiki kamar na gano man fetur.

Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Wato in tashi daga nan har Birmingham, in ce wa mutumin da muka sha koko a kwano ɗaya, sa min hannu, ban yarda da bakinka ba?"

Na ce, "Baba, ba haka ba ne, system ɗinsu ne kawai."

"System ɗinsu. Mu namu fa? Ya ce ya sallama a gaban mutane."

Mma ta sa baki daga kicin, "Alhaji, ka ji maganar yaron nan."

Ya ce, "Ke da yaronki ku je ku sa wa juna hannu." Aka yi dariya, aka kawo abinci, magana ta bi ruwa.

Mun ci summer biyu muna wannan shagali. Sai a wani hunturu aminin nasa ya faɗi a shago, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na raka su ta'aziyya. Ban taɓa ganin Baba cikin jimami irin na ranar ba.

Bayan an yi sadakar arba'in, babban ɗan mamacin ya kira, ya ce yana so Baba ya zo, akwai magana. Muka tafi tare. A falonsu muka zauna, da shi, da wani malami da ke taimaka musu rabon gado. Ɗan nan a Birmingham aka haife shi, Hausarsa sai a hankali, Turancinsa kuma irin na can, mai ja ta hanci. Mutumin kirki ne, kar ma ku zarge shi. Kansa a ƙasa ya ce, "Uncle, muna haɗa kayan Dad, sai muka ga caravan yana sunansa har yanzu. Kullum in na tambaya sai ya ce, yana wajen Alhaji na Manchester. Ni na ɗauka aro ne. Kuma ka san akwai ƙananan ƙannena a Ghana, they have a share."

Baba ya ce, "Saya na yi, ɗana."

"Na yarda, Uncle. Wallahi I believe you. Amma dangin mamansu za su tambaye ni, me zan nuna musu?"

Malam ya tambayi shaidu. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Ɗayan ya koma Kumasi, tsufa ya kama shi, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Sai malam ya ce abin ai mai sauƙi ne, kaya na hannun Alhaji, ya rantse cewa saya ya yi, magana ta ƙare, kowa ya huta.

Ni har na saki ajiyar zuciya. Ɗan ma ya ɗago da sauri ya ce, "Please Uncle, ka rantse kawai, naka ne."

Baba ya juya wajen malam. Ya ce, "Malam, gaskiyata ce, na sani, Allah ya sani. Amma ba zan ɗaga hannu in rantse a kan abin da aka ce marayun aminina suna da rabo a ciki ba. Gobe su girma a ce musu wani tsoho a Manchester ya rantse ya ɗauke. A'a."

Na matso kusa da shi na ce a hankali, "Baba, haƙƙinka ne fa."

Ya ce, "Ɗan Kano, manya na magana."

Asabar ɗin da ta biyo baya muka kwashe kayanmu daga ciki. Buta, darduma, kaskon Mma, tabarma, wata hular sanyi tawa da na daɗe ina nema. Mma ta goge ko'ina tas, har labule ta wanke, ta ce ba za a ce mun mayar da ƙazanta ba. Ita ba ta bi mu ba. Muka ja shi har Sparkbrook, Baba ya kwance shi da hannunsa a bayan shagon, ya miƙa mukulli. Ɗan ya karɓa yana hawaye, yana ta "sorry Uncle, sorry Uncle," Baba na bubbuga bayansa.

A hanyar dawowa na lura da wani abu. Muna kan motorway, babu komai a bayanmu, amma Baba yana tafiya a hankali a layin gefe, manyan motoci na ta wuce mu. In zai sha kwana sai ya buɗe sosai, yana leƙa madubi. Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na fasa.

Mun kusa Manchester ya ce, "Ka ga yadda yaron nan ya sunkuyar da kai a gabana? Ni na ja masa. Da na je uban ya sa min hannu, da ya yi min tsiya, ya ce na zama Bature, mu yi dariya, shi ke nan."

Wannan maganar ita ta zauna min har yau. Ni da na ɗauka rajista don ɓarayi ake yi, da masu cin amana. Ashe ko tsakanin mutane biyu da ba za su taɓa cutar juna ba tana da aiki, don wata rana ɗayansu ba ya nan, sai a bar 'ya'yan da ba su ji lokacin da aka ce an sallama ba. Yanzu ko keke na saya a hannun abokina sai mun rubuta, in ya ɓata rai in ce masa ba don kai ba ne, don yaranmu ne. Wasu su gane, wasu su ce na cika iyayi. Ba komai.

Caravan ɗin an sayar, an raba, ban taɓa sanin wanda ya saya ba. Baba bai sayi wani ba, kuma bai ƙara tayar da zancen ba. Na ci gaba da zuwa Gorton cin wake da shinkafa har na gama karatu.

Sai dai akwai wata safiyar Asabar, summer ɗin da ya biyo baya. Gari ya waye tangaran, babu ko ɗigon gajimare, irin ranar da ba a cika samu a Manchester ba, wadda a da in ta zo sai mu ɗaura caravan mu nufi Wales. Wayata ta yi ƙara, na ga shi ne.

"Ɗan Kano, ka ga rana kuwa?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Ina jin rediyonsa a can ƙasa-ƙasa.

Can ya ce, "To, shi ke nan. Dama na ce ko ba ka gani ba."